Yadda Za Ka Zama Matuƙin Jirgin Laima a Tamanrasset Ba Tare da Ƙafarka Ta Bar Ƙasa Ba

Gyara zama, ɗan'uwa. Idan ka bi matakan nan tara ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kafin wata uku za a riƙa kiranka Kwamanda a garinku, mata su riƙa nuna ƙofar gidanku da baki idan sun zo wucewa, kai kuwa ko tsallaken kwata ba ka yi ba. An gwada hanyar nan, ta ci. Wanda aka gwada ta a kansa sunansa Balarabe, lebura mai kwaɓa siminti, mutumin wani ƙauye kusa da Tasawa, shekararsa shida a Tamanrasset. Matakai huɗu na farko sun yi masa aiki sumul. Abin da ya biyo baya laifin hannunsa ne, kuma za mu zo wurin.

Abu ɗaya za ka riƙe tun yanzu. Balarabe ba shi da takardar zama a ƙasar nan, kamar yawancinmu. Wanda ba shi da takarda kuwa jarinsa ɗaya ne, kada a gan shi. Ranar da jandarma ya dube ka sau biyu, washegari kana bayan kamiyo, babbar motar kaya, ana gangarawa da kai Asamaka can bakin iyaka, aikin da ke ciyar da gidanku ya tsaya. Shekara shida Balarabe yana bin lungu, yana sa riga mai kalar bango, yana zagaye shingen jandarma na bakin gari ta cikin busasshen rafi ko da hakan zai ƙara masa tafiyar awa guda. Mutumin da ya ƙware a ɓuya haka shi ne ya zaɓi sana'ar da duk gari ke ɗaga kai a kalla, kuma wallahi shi ya sa nake ƙaunarsa.

Mataki na 1: San abin da za ka ce kana tuƙawa

Masu lekkol, wato 'yan boko, suna ce masa faramota, mu muna cewa jirgin laima. Wata doguwar laima ce mai kalar ruwan lemo, an ɗaura mata igiyoyi sun fi ɗari, igiyoyin sun gangaro zuwa wata 'yar kujera da ake ɗaure mutum a ciki. A bayan kujerar akwai inji da ƙatuwar fanka cikin keji. Ka goya injin kamar jariri, ka yi gudu, laimar ta cika da iska, sai ka ga ƙasa tana ja baya. A hannunka akwai wani ɗan ƙarfe kamar birkin keke. In ka matse, inji ya ƙara wuta ka yi sama. In ka saki, ka dawo ƙasa a hankali.

Ka riƙe zancen ƙarfen nan da kyau, zai dawo.

Iyakar ilimin da kake buƙata ke nan. Kada ka ƙara. Duk wanda ya san abu da yawa game da jirgi, wata rana zuciyarsa za ta ce masa ya gwada.

Mataki na 2: Nemo jirgin wani, ka yi hoto

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Wa bai taɓa jingina da motar wani ya aika hoto gida ba? Usaini, abokin Balarabe mai shafen siminti, ya jingina da motoci sun kai goma sha biyu, har surukarsa ta aiko masa da nasiha a kan yawan canza mota. Laifin mota shi ne ta yi yawa, kowa ya gane wayon. Kai nemi abin da ba a taɓa jingina da shi ba.

Balarabe ya samu nasa a sito. Maigidan da suke yi wa gini a gefen gari, Abdulnasir, mai kai baƙi yawon duwatsu ne. Ya sayo jirgin laima don ya burge baƙinsa, ya ajiye a sito yana jiran izini. Shekara biyu ke nan yana jira. A siton nan ake ajiye siminti, makullin kuma yana wuyan Balarabe. Wata rana da tsakar rana ya goya injin, ya kifa hular kwano, ya ɗaga babban yatsa kamar yadda ya ga Turawa suna yi, Usaini ya ɗauka. Bai rubuta komai a ƙarƙashin hoton ba. Wannan shi ne sirrin: kada ka yi ƙarya da bakinka, bari mutanen gida su yi maka ita, sun fi ka iyawa.

Kafin la'asar saƙon murya ya shigo daga matarsa, Munawwara.

"Baban Raliya! Wai kai na cikin wanga abu? Wai jirgin sama kake tuƙi ba ka hwaɗa min ba?"

Balarabe ya yi gyaran murya ya ce, "To, Allah dai ya sa mu dace." Daga ranar ta daina kiransa Baban Raliya, ya zama Kwamanda. Hoton ya zaga ƙauye, ya je bakin rijiya, ya je wurin mai niƙa, aka wanke shi babba aka rataye a shagon mai cajin salula.

Mutum ɗaya ce ba ta ce uffan ba, mahaifiyarsa Azumi. Balarabe ɗan fari ne, kuma ka san kunyar ɗan fari a wurinmu. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Ba ta yi masa magana kai tsaye, sai ta bakin wani. A ɗakin kakarsa ya girma, ya tashi yana ce mata Yaya Azumi kamar yadda ya ji ƙannenta suna faɗa. Da aka nuna mata hoton ta daɗe tana kallo, ta mayar da salular, ta ci gaba da tsinkar zogalenta.

Mataki na 3: Haddace doka, ita ce gatanka

A nan yawancin maƙaryata suke faɗuwa. Suna tsammani doka abokiyar gabar matuƙi ce. Ga matuƙi irinka, doka ita ce bargo a lokacin sanyi.

Abdulnasir yana da wata jakar takardu mai kaurin bulo da ya manta a siton. Usaini ya yi lekkol shekara shida, shi ya riƙa karantawa da yatsa yana fassarawa, Balarabe yana haddacewa kamar yadda ya haddace izifi a allo. Ga abin da suka tsinta, gwargwadon Faransancin Usaini. Sai matuƙi yana da takardar shaidar ya koya. Sai likita ya duba idonsa da zuciyarsa. Sai jirgin yana da lamba a jikin laimar, da asirans wato inshora, da izinin masu kula da sama, da izinin masu kula da ƙasa. Ba a tashi kafin rana ta fito, ba a tashi bayan ta faɗi. Ba a shiga gajimare. Ba a bi ta kan gari ko taron jama'a. Ba a kusantar filin jirgi, ba a kusantar barikin soja, ba a kusantar iyaka. Ba a ɗaukar fasinja, ba a jefo komai ƙasa, ba a ɗaukar hoto daga sama sai da wani izinin na daban.

Balarabe ya saurara har ƙarshe, ya ji wani sanyi ya ratsa zuciyarsa. Duk tambayar da za a yi masa daga gida, amsarta tana cikin jakar nan.

Dubi yadda gwani yake aiki:

"Kwamanda, ka ɗauko muna hoton garin daga bisa mana."

"Doka ta hana. Sai da izini na musamman."

"To ka taho da shi gida da sallah, a gani."

"Iyaka ta, Munawwara. Kina so a harbo ni?"

"Raliya ta ce in ka zo za ka ɗauke ta ku zaga gari."

"Fasinja? Kan gari? Laihi biyu ke nan ta haɗa min a magana guda."

Ka lura bai taɓa cewa ya tashi ba, bai kuma taɓa cewa bai tashi ba. Kuma duk dokar da ya ambata sai darajarsa ta ƙaru, domin a wurinmu mutumin da aka hana shi abubuwa da yawa babban mutum ne. Har liman ya kawo misali da shi a wa'azi, ya ce ku dubi yaron nan, sama a buɗe take gabansa amma ya tsaya inda hukuma ta ce ya tsaya.

Ƙarin hikima kyauta: idan dokokin suka ƙare maka, ƙirƙiro. Ba wanda zai zo daga Tasawa ya duba. Balarabe ya taɓa cewa an hana tashi ranar Laraba saboda ita ce ranar hutun iska.

Mataki na 4: Kada ka je buro, bar mai takarda ya je

Za ka ji zuciyarka tana cewa, me zai hana in nemi izinin nan na gaske? Tsawatar mata. Taga ta farko da za ka tsaya a buro, wato ofishin hukuma, kafin a tambaye ka komai game da sama za a tambaye ka takardar ƙasar da kake tsaye a kai.

Ka bar Abdulnasir ya je, shi ɗan ƙasa ne, yana da ƙafar hawa bene. Kai dai ka riƙa yi masa sannu. Takardar likita ta ƙare kafin asirans ta fito. Asirans ta ce sai jirgi yana da lamba. Masu lamba suka ce sai matuƙi ya nuna shaidar koyo. Mai koyarwa yana can arewa, tafiyar kwana biyu a mota, ya ce a zo da jirgin. Jirgin kuma ba ya fita daga sito sai da lamba. Duk ranar da Abdulnasir ya dawo sai ya zauna a kan buhun siminti, ya kwance rawaninsa, ya ce, "Gudwa, ya Balarabe. Sun ce gudwa." Wato gobe.

Balarabe yakan ce, "Allah ya kawo sauƙi, patron," a ransa kuwa yana roƙon Allah ya ƙara wa buron nan tagogi. Ranar da izini ya fito, ranar jirgin zai bar sito, shi kuma ya koma Baban Raliya.

Mataki na 5: Yi hattara da wanda ya taɓa kwaɓa siminti tare da kai

Kowane ƙauye yana da Salifu. Na ƙauyen su Balarabe ya yi shekara biyu a Tamanrasset aka koro shi, ya dawo yana sayar da shayi a bakin kasuwa, kuma bai yafe wa duk wanda ya rage a can ba. Ya tsaya gaban hoton a shagon caji, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Balarabe? Ni da shi munka yi dakon yashi! Tsani ma in ya kai hawa na ukku sai ya karanta Ƙulhuwallahu. Ku tambaye shi, mi ya sa kullum jirgin nai shina ƙasa kamar kazar da anka hige?"

Maganar ta je bakin rijiya kafin azahar. Da yamma saƙo ya shigo, kuma tun daga numfashin farko Balarabe ya san Munawwara ta yi kuka.

"Kwamanda, yau Suwaiba ta tambaye ni gaban mata wai ko jirginka ciki gare shi da ba ya tashi. Dud sunka yi min dariya. Ni ban iya zuwa ɗiban ruwa. Don Allah ko na minti guda, ka aiko bidiyo."

Abin da ya kamata ka yi a nan shi ne ka jawo wata dokar. Balarabe ya jawo uku, ba su yi aiki ba. Ya sake sauraron saƙon sau biyar yana zaune a kan baro. Shi ya ɗora matar nan a kan wannan katangar, yanzu ana girgiza ta a kai, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Matuƙin ƙasa bai kamata ya kasance da zuciya mai taushi ba, wannan ita ce nakasar Balarabe ta farko.

Mataki na 6: Yi bidiyo, amma a ƙasa

Dabarar ta Usaini ce, kuma ina rantsuwa dabara ce mai kyau. A shimfiɗa laima a fili, a tada inji, Balarabe ya yi gudu taku biyar, laima ta miƙe a kansa, sai a yanke bidiyon. Duk wanda ya tambayi sauran, a ce masa daga nan doka ta hana ɗauka. Wato dokar da kanta za ta tashi da shi.

Suka zaɓi safiyar Juma'a, ranar da ba aiki, Abdulnasir kuma ya tafi Abalessa duba dabinonsa. Kafin nan Balarabe ya biya wurin Malam Zakari, mai karantar da 'yan ci-rani a unguwarsu, ya ce yana son laya ta tsari daga faɗuwa.

"Daga ina za ka faɗo?" in ji Malam.

"Daga ƙasa, Malam."

Malam Zakari ya dube shi ta saman tabarau, ya rubuta, ya naɗe, ya ce, "Allah ya ba ka lafiya."

Suka ɗora kayan a baro, suka tura zuwa filin da ke bayan ginin. Usaini ya kalli bidiyon Turawa uku a salula ya zama malami. Ya warware igiyoyi, ya ɗaure abokinsa a kujera tamau, ya duba tanki ya ga ɗan man da ya rage bai kai kofin shayi biyar ba, ya ce ya isa, ai ba inda za a je. Ya damƙa masa ƙarfen nan mai kama da birkin keke ya ce, "Ka ɗan matsa kaɗan don a ji ƙara. Taku biyar, ka saki, ka tsaya."

Ba wanda ya tambayi iska ra'ayinta, ita kuwa tun safe take gangarowa daga dutsen da ke bayan gari.

Mataki na 7: Idan ka tsorata, saki

Na rubuta wannan a matsayin mataki don kai, domin Balarabe bai same shi ba.

Ka san abin da ake fara koya wa lebura ranar da ya shiga shantiye, wato wurin gini? Kada ka saki. In kana kan tsani da bulo a hannu ƙafarka ta zame, ka damƙe bulon, domin akwai ɗan wani a ƙasa. In baro ya rinjaye ka a gangara, ka damƙe ka bi shi da gudu. Shekara shida hannun Balarabe yana koyon darasi ɗaya: tsoro ya zo, damƙe. Hannu kuwa ba ya shawara da kai.

Taku na ɗaya, na biyu, laima ta miƙe ta cika fam. Taku na uku ya ji an ja shi ta kafaɗa. Tsoro ya zo, hannunsa ya yi abin da ya sani, ya matse ƙarfen har ƙarshe. Inji ya yi kururuwa. Taku na huɗu da na biyar a iska ya yi su, ƙafafunsa suna ta tuƙa keken da babu. Usaini yana bin sa da salula yana ihu, "Saki! Saki, don ubanka!" Ina zai ji? Yana daidai tsayin rufin ɗaki, fuskarsa ta cika bidiyon, ya buɗe baki ya ƙwala kira ɗaya da ya fi ƙarar injin.

"Innaaa!"

Shekararsa talatin da huɗu, bai taɓa kiran kowa da sunan nan ba.

Daga nan ya shiga karya dokokin da ya haddace, a jere, kamar mai bitar karatu. Babu shaidar koyo, babu lamba, babu izini. Iska ta kwashe shi ta kan gari. Ta bi da shi ta kan kasuwa ana tsakiyar cinikin Juma'a, taron jama'a ya ɗaga kai gaba ɗaya, masu rawani suna dafe rawani. Silifas ɗinsa na ƙafar hagu ya suɓuce ya faɗa tsakanin masu sayar da tumatir, dokar jefo kaya ta tafi. Da ya buɗe ido ɗaya ya hango filin jirgi can nesa, ya tabbata shi ma ana kan hanyar kai shi. Ya ga rufin gidajen da ya yi dakon bulonsu, ya ga lungunan da ya yi shekara shida yana laɓewa a ciki, duk sun zama 'yan siraran layuka, babu wanda zai ɓoye ko akuya. Daga baya ya ce min, a tsakiyar tsoron nan akwai wani ɗan lokaci da garin ya yi masa kyau har ya ji hawaye, domin bai taɓa ganinsa ba sai ta gefen ido.

Bai saki ƙarfen ba har ƙarshe. Mai ne ya ƙare. Inji ya yi tari sau biyu ya mutu, laima ta ɗauko shi a hankali kamar uwa ta sauke yaro daga baya, ta ajiye shi da gindi a kan yashi, taku goma daga shingen jandarman da yake zagayewa.

Mataki na 8: Gabatar da takardunka cikin ladabi

Jandarmomi uku ne, suna shan shayi. Babbansu ya ajiye kofi, ya zo ya tsaya a kansa, ya daɗe yana kallon laimar, da igiyoyin, da ƙafa ɗaya mai takalmi. Mutumin kirki ne, sai da ya tambaya ko ya karye kafin ya fara.

Shaidar koyo? Babu. Takardar likita? Babu. Lambar jirgi, asirans, izinin sama? Balarabe yana girgiza kai, har ya tuna masa da izinin ƙasa da ya manta bai tambaya ba. Jandarman ya yi mamakin yadda mutum zai san doka haka.

"To takardar zama?"

Balarabe ya laluba aljihu. Takarda ɗaya ce a jikinsa duk duniya, ya miƙa. Jandarman ya warware layar Malam Zakari, ya karanta, ya dubi sama inda mutumin ya fito, ya dube shi lafiya lau a zaune, ya naɗe ta da kyau ya mayar masa. Sai da ƙyar aka ɓamɓare yatsunsa daga jikin ƙarfen.

Abdulnasir ya dawo daga Abalessa ya tarar an kwashe jirgin. Bayan ya sha tambayoyi aka ba shi takardar shaidar an karɓe, da hatimi biyu da sa hannu. Ita ce takardar hukuma ta farko da ta taɓa fitowa da sunan jirginsa, kuma a yini ɗaya ta fito.

Mataki na 9: Koma gida ta ƙasa

Usaini ya ranta a na kare tun kafin abokinsa ya sauka, amma ya cika alkawari, ya aika bidiyon. Ya riga mai shi isa da kwana tara, domin shi Balarabe ta kamiyo ya bi: Asamaka, Agadas, sannan gida.

A hanya abu ɗaya yake rarrashin kansa da shi. Aiki ya tafi, shekara shida na ɓuya sun tafi, amma ya tashi. Da gaske ya tashi, kuma an gani.

Ya sauka a bakin kasuwa da takalmi ƙafa ɗaya, ya tarar Salifu ya riga ya yanke hukunci. Haɗin salula ne. Yanzu ai ana sa akuya ta yi waƙa, ana sa tsoho ya yi rawa, wa za a ruɗa? Wane matuƙi ne ke tuƙa keke a sama? Duk gari ya yarda da Salifu, har liman. Hoton ƙarya sun gaskata shi wata bakwai, bidiyon gaskiya bai yi yini ɗaya ba. Mai caji ya sauke hoton daga bango. Munawwara ta tare shi a zaure, ta karɓi ledar kayansa, ta ce, "Sannu da hanya, Baban Raliya," kuma wannan sunan ya fi zagi ciwo.

Ya shiga gaida mahaifiyarsa. Tana zaune a ƙofar ɗaki ta ba shi rabin baya, ta rame har wuyanta ya fito. Ya durƙusa nesa kaɗan kamar yadda ya saba. Ba ta dube shi ba, Munawwara ta kira.

"Ki hwaɗa ma wancan, hoton nan na hwarko ni ban taɓa yarda da shi ba. Kowa na kallon hula, ni ƙahwa na duba. Na ga silifas, na ga siminti ya ci mishi diddige. Na ce ma raina shina ƙasa, shina aiki nai, hankalina kwance."

Ta tsinki ganye biyu ta jefa a ƙwarya.

"Wanga na biyu kau, sun ce ƙarya ta. Su sunka sani. Ni na ji abin da ya kira, kuma salula ba ta iya haɗa wanga. Kwana ukku ruwa kaɗai na iya sha, sai da anka ce an gan shi cikin kamiyo."

Balarabe ya sunkuyar da kai. Tsohuwar ta goge hannu a zane, ta ɗan juyo, ba duka ba.

"Ki ce mishi na amsa."

Sannan ta ce a kawo masa fura, ya sha hanya.

Sanarwar wanke hannu

Ni da na rubuta wannan ba lauya ba ne, ban taɓa tashi ba, kuma dokokin da na lissafa daga bakin Usaini na ji su, shi kuma daga yatsarsa. Duk wanda ya bi matakan nan ya zama Kwamanda, ladan nawa ne. Duk wanda ya tsinci kansa a kan kasuwa, ko a gaban masu shan shayi, ko a bayan kamiyo, ban san shi ba, bai san ni ba, ya nemi hannunsa su sasanta. Ba na karɓar ƙorafi daga mata, ko iyayen gida, ko masu tumatir.

Roƙo ɗaya gare ni. Na ji Balarabe ya fara zancen komawa arewa bayan girbi, na kuma ji tsohuwar ta ɗauke silifas ɗin da ya rage ta kulle a akwatinta, ta aika a gaya wa wancan ba inda za shi sai takalminsa ya cika biyu. Don haka idan kai ne ka tsinci na hagun a kasuwar Tamanrasset, shuɗi ne, an ɗinke igiyarsa da waya, don girman Allah ka riƙe abinka, kada ka aiko.